Yara Biyu a Kan Keke da Unguwar da Ta Watse a Bayansu

A titin Armenian da ke tsohon garin George Town, a tsibirin Penang na ƙasar Malesiya, akwai wani keke na gaske da aka kafe a jikin bango. A bangon an zana yara biyu kamar suna bisa kansa: yarinya a gaba tana tuƙi tana murmushi, ƙanenta a baya ya ƙanƙame ta, ya runtse ido ya wage baki, ba ka iya rabe ko tsoro ne ko daɗi. Wani matashi ɗan ƙasar Lituwaniya mai suna Ernest Zacharevic ne ya yi zanen a 2012, a lokacin bikin al'adu da garin ke shiryawa duk shekara. Zanen yana da kyau, wannan ba abin gardama ba ne. Wanda ya yi shi ya san hannunsa, ya kuma san yadda yaro ke riƙe yayarsa idan keke ya kwasa a guje.

Yau idan ka je wurin da hantsi, layi za ka tarar. Kowa na jiran nasa lokacin ya kama sirdin keken ko ya yi kamar yana tura shi, a ɗauke shi hoto, ya matsa, na baya ya shigo. Ka juya ka dubi shagunan da ke kewaye, yaran nan biyu ne dai a ko'ina: a jikin riguna, a jikin kofin shayi, a maƙalin makulli, a ɗan maganaɗisun da ake manna wa firij. A 2019 shi kansa mai zanen ya fito a shafinsa na Instagram yana kokawa cewa titin da ya sani mai natsuwa, wanda mutane ke zaune a cikinsa, ya rikiɗe ya zama kasuwar tsaraba da wuraren ɗaukar hoto, har ya ce ya sha tunanin ya ɗauko fenti ya shafe zanen kowa ya huta. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Duk lokacin da aka tashi zancen lalacewar tsofaffin birane, wanda ake fara ɗagowa shi ne yaron da ke yawo da gwangwanin fenti cikin dare. Shi ake wa doka, shi ake kafa wa kyamara, shi ake ci tara. Ni kuwa a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke cinye tsohon gari da rana tsaka yake zuwa, da lasisinsa a hannu, yana biyan haraji, hukuma ma ta kan yanka masa ribon ranar buɗewa.

Sai an san abin da George Town yake kafin a gane abin da ake asara. Francis Light ne ya kafa shi a 1786 a matsayin tashar jiragen ruwa ta kamfanin Ingila mai ciniki a gabashin duniya, fatake kuma suka yi ta sauka daga Sin, da Indiya, da Aceh ta tsibirin Sumatra, da ƙasashen Larabawa. A kan titi guda za ka wuce cocin St George da aka kammala a 1818, ka wuce wurin bautar Sinawa, ka wuce na 'yan Hindu, ka iso masallacin Kapitan Keling da Musulmin Indiya suka gina a farkon ƙarni na 19. Ɗan taku kaɗan daga keken nan akwai titin Acheen da masallacinsa na 1808. A zamanin da ake zuwa Hajji ta ruwa, nan ne maniyyata daga sassan yankin ke taruwa su jira jirgin Jidda, har aka yi wa unguwar laƙabi da Jidda ta biyu. A kan titin Armenian ɗin kansa, a gida mai lamba 120, Sun Yat-sen, jagoran masu neman kafa jamhuriya a Sin, ya yi taro da magoya bayansa a 1910, shekara guda kafin juyin da ya kawar da sarautar Sin. Nawa ne cikin masu bin layin hoto suka san sun wuce ƙofar gidan?

Amma ba manyan gine-ginen ne ran garin ba. Ransa yana cikin jerin gidajen nan masu hawa biyu ko uku, sirara daga gaba, dogaye zuwa ciki, shago a ƙasa, iyali a sama. A gabansu akwai baranda mai faɗin ƙafa biyar da ta haɗe gida da gida, mai tafiya ya bi ta inuwa ko ya fake wa ruwan sama ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A tsakiyar gidan an bar rufin a buɗe don iska mai zafi ta fice ta sama, haske ya shigo. An gina su da jan bulo, aka yaɓe da farar ƙasa da yashi, yaɓen da ke barin bango ya yi numfashi a ƙasar da laima ba ta ƙarewa. Duk wani abu a gidan amsa ce ga wata tambaya da zaman wurin ya yi: ina zan ajiye kaya, yaya zan yi barci cikin zafi, yaya zan ji kukan jariri alhali ina ciniki. Wannan shi ne ƙirar gini a wurina, kuma kyanta daga amfaninta ya fito.

Abin mamaki, doka ce da ba a yi ta don tarihi ba ta raya waɗannan gidaje. Dokar ƙayyade kuɗin haya ta 1966 ta ɗaure hannun masu tsofaffin gine-gine, ba su iya ƙara haya yadda suke so, ba su iya korar ɗan haya cikin sauƙi. Ba su samu ribar gyara ba, shi ya sa gidajen suka tsufa suka yi baƙi, amma ba su samu hanyar rushewa ba, kuma maƙeri da tela da mai sassaƙa allon suna da mai haɗa maganin gargajiya suka ci gaba da zama inda iyayensu suka zauna. A 1997 aka soke dokar, sokewar ta fara aiki sosai a farkon 2000. Haya ta yi tsalle. Iyalai suka fara kwashe kaya. Akwai lokacin da wasu masu gidaje suka ga cewa tsuntsu ya fi mutum riba: suka toshe tagogi, suka sa lasifika mai kukan tsattsewa don su jawo ta ta yi sheƙa a ciki, saboda sheƙar irin wannan tsuntsu abinci ce mai tsada a wurin Sinawa. Sai da hukuma ta hana wannan kiwo a tsakiyar tsohon garin. Wato tun kafin kowa ya zana keke, gidajen sun fara zama kango mai fuska.

A 2008 hukumar UNESCO ta sa George Town da Melaka, wani tsohon birni na Malesiya, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Aka zo da ƙa'idoji: sabon gini a yankin kada ya wuce mita 18, fuskar gida kada a taɓa ta sai da izini. Ƙa'idoji masu kyau ne, musamman ga garin da ya riga ya ga abin da aka yi lokacin gina Komtar, dogon benen nan mai hawa sama da 60 da aka share tsofaffin layuka aka kafa. Sai dai ƙa'idar ta san tsayin bango da kalar taga, ba ta san sunan wanda ke kwana a bayan tagar ba. Kana iya korar iyali bakwai, ka mayar da gidan otal mai ɗakuna goma, ka bar fuskarsa yadda take, kuma ba ka karya doka ko ɗaya ba. Lambar yabo ma kana iya samu.

A nan ne abin da Jamusawa suka raɗa wa suna kic yake shigowa. Kalmar ta fito ne daga bakin dillalan zane na birnin Munich a ƙarni na 19, suna nufin hoto mai arha da aka yi cikin gaggawa don a sayar wa baƙo. Ni kwalliyar bogi nake ce masa. Mutane kan ɗauka cewa muninsa ne matsalar, alhali sau da yawa yana da kyan gani, kyan ɗan maciji. Alamarsa ita ce ya riga ya tauna maka abin da za ka ji. Ba ya tambayar ka komai, ba ya ba ka mamaki, abin da ka zo da shi a ka shi yake miƙo maka a naɗe. Ka zo neman "tsohon gari", to ga tsohon gari: an rataye fitilu ja, an jingina tsohon keken ɗinki da ba ya aiki, an kankare bango da gangan don bulo ya leƙo, an sa ma'aikaci tufafin kakanni. Telan gaske da ya yi shekara arba'in a shagon an ƙara masa haya ya tashi, an sayi irin kekensa a wurin 'yan gwangwan an ajiye a gurbinsa.

Zanen bango ma ba ya tsira daga wannan. Bayan 2012 bangayen George Town suka cika. Kyanwoyi, yara a kan lilo, fuka-fukin da mutum zai tsaya a tsakiya ya zama tsuntsu. Wasu na da ma'ana, kamar zanen kyanwoyin da aka fara a 2013 don jan hankali kan dabbobin da ke gararamba a titi. Amma mafi yawa dabara ɗaya ce ake ta maimaitawa: a kafe wani abu na gaske a bango, a zana wani abu mai ban sha'awa a kansa, a bar gurbin da baƙo zai tsaya. Zanen farko yana magana da mutanen titin, domin yaran da ke ciki 'yan garin ne, kuma duk wanda ya girma a can ya taɓa goya ƙanensa a keke. Na ɗari kuwa da wayar baƙo yake magana.

Ga abin da ya tabbatar mini da cewa hukumomi ba tsabtar bango ce ta dame su ba. A ƙarshen 2013, shekara guda bayan zanen keken, Zacharevic ɗin nan ya je Johor Bahru, birnin da ke kudancin ƙasar daura da Singafo, kusa da inda aka buɗe wurin shaƙatawa na Legoland, na kamfanin kayan wasan yara na Lego, ba da daɗewa ba. A kusurwar wani bango ya zana 'yar tsanar Lego mace tana tafe da jaka mai tsada, a ɗaya gefen kusurwar kuma ɗan tsanar Lego ya rufe fuska yana laɓe da wuƙa. Kowa a birnin ya gane, domin ƙorafin ƙwace da fashi ba baƙo ba ne a can. Cikin 'yan kwanaki ma'aikatan hukumar birni suka zo da farin fenti suka shafe shi. Hannu ɗaya, fenti ɗaya, ƙasa ɗaya. Wanda ya sa baƙo murmushi an buga shi a takardun tallan yawon buɗe ido, wanda ya faɗi abin da mazauna ke faɗa a gidajensu ya zama ɓata sunan gari.

Kada a ce ina wanke duk mai gwangwanin fenti. Wanda ya je ya fesa sunansa a jikin masallacin da ya haura shekara ɗari biyu, ko a ƙofar katako da wani ya yi watanni yana sassaƙawa, ɓarna ya yi, kuma a hukunta shi. Fentin zamani yana shiga cikin yaɓen farar ƙasa, wajen kankare shi sai an ci bangon. Sai dai a tambayi masu gyaran tsofaffin gine-gine abin da ya fi kashe irin waɗannan gidaje, za su ce siminti. Mai otal yana sauri, ya sa a yaɓe da siminti a shafa fenti mai ƙyalli, laima ta rasa hanyar fita, gishirin da ke tasowa daga ƙasa ya taru a ciki ya riƙa cin bulo a ɓoye. Daga waje kamar sabon ango. Wannan ɓarnar ba ta fitowa a hoto, shi ya sa ba mai yi mata zanga-zanga.

Kuma lokaci yana da nasa barkwancin. A benen Aya Sofiya, tsohon ginin ibadan nan na Santambul, a jikin wani dutsen marmara, akwai rubutun da wani mutumin arewacin Turai mai suna Halfdan ya karta kimanin shekara dubu da suka wuce, wataƙila sojan haya ne da tsayuwa ta gundura. A zamaninsa rashin ladabi ne tsagwaronsa. Yau masana na rubuta maƙala a kansa, masu yi wa baƙi jagora na nuna shi da alfahari. Ba ina cewa kowane karce zai zama tarihi ba. Ina cewa ko banza shi shaida ne cewa wani mai rai ya tsaya a nan, abin da kofin shayin da aka buga dubu goma a masana'antar wata ƙasa ba zai taɓa zama ba.

Wasu masu zanen sun gane tarkon sun ƙi shiga. A watan Maris na 2016, a birnin Bolonya na Italiya, wani mai zanen bango da aka fi sani da Blu ya bi ayyukansa na kusan shekara ashirin da fenti ruwan toka ya shafe su tas, shi da abokansa, saboda an ɓamɓare wasu daga bango za a kai baje koli a gidan tarihi a karɓi kuɗin shiga. Mutane da yawa sun ji haushi, na kuma fahimce su, don an raba su da abin da suke so. Amma shi ya ga gara bango ya koma fili da a mayar da abin da ya ba titi kyauta ya zama haja.

To, akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Wa ya aike ni? Mai sayar da maƙalin makulli yana da 'ya'ya a makaranta. Mai tuƙa keken fasinja mai ƙafa uku, wanda sana'arsa ta kusa mutuwa, ya samu masu hawa saboda suna son a zagaya da su wurin zanuka. Gidaje da yawa da rufinsu ya rufta an tashe su da kuɗin da baƙi suka kawo, da ba don haka ba da yanzu itatuwa sun fito ta tagoginsu. Kuma akwai wani girman kai a cikin raina abin da talaka ke so: matar da ta tara kuɗi shekara uku ta yi tafiyar da ba za ta sake ba, ta sayi ɗan maganaɗisu don ta manna a firij ta riƙa tunawa, ba ta yi wa kowa laifi ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya zauna cikin sanyin ofis yana yi wa masu neman abinci wa'azin ɗanɗano ya ji kunya.

Shi ya sa ba da mai tebur nake ba, ba kuma da mai saye ba. Da masu riƙe da alƙalami nake, waɗanda ke auna nasarar gari da yawan waɗanda suka sauka a filin jirgi. Su ne ke ba da lasisin mayar da gida na goma a layi ɗaya ya zama shagon tsaraba, alhali sun san a layin ba sauran inda za a sayi allura. Ribar ma ba ta tsayawa a hannun mai tebur, tana tafiya wurin wanda ya sayi layin gidaje gaba ɗaya yana jiran farashi ya hau. Kuma an ga ƙarshen wannan hanya a wani wurin. Tsakiyar birnin Benis na Italiya, wanda ke kan ruwa, tana da mutane kusan 175,000 a 1951. A 2022 suka gaza 50,000. A 2024 birnin ya fara karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa yini guda a ranakun cunkoso. Garin da ake yankar tikiti kafin a shiga, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, ya fara amsa wani suna.

Ba wai ba a san magani ba. A 2017 hukumar birnin Amsterdam ta hana buɗe sababbin shagunan da baƙi kaɗai suke wa ciniki a tsakiyar gari. Ana iya ware wasu gidaje a ɗaure hayarsu ga masu tsofaffin sana'o'i da iyalan da ke zaune, ana iya sa sharaɗin cewa hawan sama na mazauna ne. Ko a George Town ɗin akwai misalin adon titi da ya san inda yake: zanukan barkwanci 52 da aka lanƙwasa da sandunan ƙarfe aka kafa a bangaye, kowanne yana ba da labarin titin da yake, me ya sa aka sa masa sunan, wace sana'a aka yi a wurin. Ba su da farin jinin keken, ba a cika bin layi a gabansu ba, amma ba za ka iya ciro ɗaya ka kai wani gari ya yi ma'ana ba. Fuka-fukin tsuntsu kuwa duk inda ka kai su daidai ne, shi ya sa suke ko'ina a duniya.

Da ni ake tambaya, da na ce a bar zanen keken ya koɗe. Zanen bango dama ba a yi shi don ya dawwama ba. Rana ta ci, ruwa ya wanke, wani yaro ya zo da nasa. Wani zanen Zacharevic da ke unguwar Chew, inda gidajen katako ke tsaye bisa turaku a cikin teku, iskar gishiri ta cinye shi, unguwar kuma ba ta rasa komai ba sai ɗan abin nunawa. Amma na titin Armenian ya zama jari, ba a barin jari ya koɗe, har an sake kiran mai shi ya zo ya sabunta masa fenti. Yaran da aka zana a 2012 sun girma tuni, keken nan ya yi musu kaɗan. A bango kuwa har yanzu ƙanen na ƙanƙame da yayarsa da ido a runtse, ana ƙara musu kala duk lokacin da suka fara dushewa, su kuma gidajen da ke kallonsu suna kashe fitila da zarar motar baƙi ta ƙarshe ta tashi.